Gonar da Takondwa Ta Nome

Mista Kamwendo, hedimastan sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauyen Chimbalame, mutum ne da idan ya kafa doka, ko shi kansa tsoronta yake. Farkon damina ya tsaya gaban ɗalibai ya ce duk wanda ya bar aji kwana uku ya tafi ƙwadago gonar wani, to ya tafi ke nan, sunansa ba zai shiga jarrabawar ƙarshe ba. Fartanya daban, alƙalami daban, in ji shi, kowa ya zaɓi ɗaya.

Wadda dokar ta fara kamawa ita ce Takondwa, 'yar ajin ƙarshe, yarinyar da malamin lissafi ke cika baki da ita. Litinin, Talata, Laraba babu ita. Ranar Alhamis ta dawo tafin hannunta duk ya yi kanta. Bai ko tambaye ta gonar wa ba. Ya ce ta zo da babbanta gobe gaban kwamitin iyaye.

Ba ta da kowa sai kakarta, NaMbewe, wata 'yar tsohuwa mai ɗaurin zani biyu. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Takondwa na tsaye bakin ƙofa, kanta a sunkuye. A kan tebur ga takardar kora, hannu kawai ya rage a sa.

Ciyaman ɗin kwamitin, Baba Chidzanja, tsohon direban babbar mota ne mai son a ji muryarsa. Ya ce, "Kaka, ke ma dai! Yarinya mai ƙwaƙwalwa haka ki tura ta noman wani? So kike ta gaje ki a talauci?"

"Ta gaje ni a me, ɗan nan? Ko talaucin ma sai da rai ake gadonsa. Rumbuna tun watan jiya ɓera ya yi ƙaura daga ciki."

Aka yi dariya. Kamwendo bai yi ba. Ya ce, "Kaka, akwai Asabar, akwai Lahadi bayan coci. Me ya hana ta yi a lokacin?"

"Haka muka roƙa, ranka ya daɗe. Uwargidan mai gonar ta ce a'a. Wai maigida ya ce lallai a gama cire ciyawa kafin Juma'a, zai zuba takin zamani. Wanda ba zai zo Litinin ba, a ba wani."

Chidzanja ya buga tebur. "Kun ji ko? Irin waɗannan mutanen ne ke kashe mana makaranta! Wane mara imani ne wannan? Faɗi sunansa."

Tsohuwa ta gyara bakin zaninta. "Babban mutum ne. Masarar da ya biya mu da ita muka ci jiya, ba zan kama sunansa a taro ba."

"To gonar a ina take?"

"Can ƙetaren rafi. Mai suri biyu a tsakiya, da mangwaron da tsawa ta raba."

Nan Kamwendo ya gane gonar. Shi da hannunsa ya sare reshen mangwaron nan da tsawa ta karya. Rabonsa da gonar tun ranar shuka, komai a hannun matarsa yake. Kuma maganar Juma'a, shi ya faɗe ta ranar Lahadi, yana wanke hannu bayan tuwo. Har ya ƙara da cewa, ko wa za ki ɗauka ki ɗauka, ni dai a gama.

Ya saci kallon tsohuwa. Ba shi take kallo ba, yatsun ƙafarta take kallo. Ya dubi Takondwa, ita ma haka. Wato tun jiya da yake mata faɗa a ofis, yana nuna hannunta yana cewa ga sakamakon kwaɗayi, ta sani, ta yi shiru.

Chidzanja bai san ƙetaren rafi ba, sai ƙara hawa yake. "Wallahi in na gano shi, gaban sarki zan kai shi, a ci shi tarar akuya. Akuya mai ƙaho ma! Hedimasta, doka dai doka ce, sa hannu mu tashi. Amma mutumin nan, bar ni da shi."

Hanyar tsira a buɗe take ga Kamwendo. Tsohuwa ba za ta faɗa ba, yarinya ba za ta faɗa ba. Ya ɗauki biro, ya cire murfin, ya mayar. Gumi ya sauko masa ta bayan kunne.

"Baba Ciyaman," ya ce, muryarsa kamar ta aro. "Gonar tawa ce."

Ma'ajin kwamiti ya shiga duba farcensa. Chidzanja ya sassauta murya ya ce, "To... ai akuyar ba dole sai mai ƙaho ba."

Ba wanda ya yi dariya. Kamwendo ya ninke takardar ya tura aljihu. Ya ce da Takondwa, ba tare da ya ɗago ba, "Wuce aji." Ta fita da gudu-gudu. Sai ya juya ga tsohuwa, yana neman inda zai ajiye idonsa. "Kaka, ki yi haƙuri. Daga yau ba ɗalibin da zai sake taka gonata."

Tsohuwa ta tafa hannu a hankali, irin na ladabi.

"A'a, ranka ya daɗe, kar ka yi mana haka. Ka wanke kanka mu kuma mu kwana da yunwa? Akwai noma na biyu nan da mako uku, mun sa rai da shi. Ka dai ce wa uwargida ta mayar da shi Asabar."

Ta dafa bango ta miƙe, ta tsaya tana jiran amsa. Kwamiti duka suka zuba masa ido.

"Asabar," ya ce.