Kaset Ɗin Kaka Phoebe

A shekarar 1986 ƙanena Jonathan ya dawo daga karatu a Ingila da wata ƙaramar kwamfuta. Kafin ya wuce Legas wurin aiki, ya bar mini ita a gidanmu da ke unguwar Bolori. Ba ta fi faranti faɗi ba. Sai an jona ta da talabijin take nuna rubutu, kuma da zarar an ɗauke wuta ta manta duk abin da aka koya mata. Mai son ajiye aikinsa sai ya naɗe shi a kaset da rikoda, irin wadda muke jin waƙoƙin coci da ita.

Ni malamin lissafi ne, na fara koyo daga littafin da ya zo da ita, amma 'yata Dorothy ta wuce ni cikin wata biyu. Abu ɗaya na koya mata da kyau: ta riƙa sa wa layukan umarni lamba goma, ashirin, talatin, don a sami wurin saka abin da aka manta a tsakani.

Mako uku ta yi tana haɗa shirin da za ta kai gasar kimiyya ta makarantun 'yan mata ranar Asabar. Shirin yakan tambayi sunanka, ya ce maka "wushe" kamar yadda maƙwabtanmu Barebari suke gaisuwa, sannan ya yi maka tambayoyin lissafin sau. Idan ka kuskure, sai ya rubuta: "Ba komai, sake gwadawa."

Ran Juma'a da ƙarfe biyu da rabi ta saka kaset ɗin don gwaji na ƙarshe. Maimakon ƙarar nan mai tsini da kwamfuta take ganewa, sai muka ji gyaran murya.

"Jonathan, ni ce uwarka. Kana lafiya? Kana cin abinci?"

Mahaifiyata Phoebe ba ta rubutu. Idan tana son aika wasiƙa, a kaset take yin magana, ta ba direban da zai tafi Legas. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince yakuwa.

"Kaka!" in ji Dorothy. "Wane kaset kika ɗauka?"

"Lalataccen nan mana. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, ba waƙa, ba wa'azi, sai kuka kamar gyare ya shiga randa. Na ce bari in yi amfani da shi, kada in ɓata mai kyau."

Dorothy ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Laifina ne. Kowane kaset yana da 'yan kunnuwa biyu a gindi, idan aka karya su ba ya ƙara ɗaukar komai. Ni da nake jera alli bisa tsawonsa, na manta in karya.

Ba wanda ya kashe rikodar, sai muryar Mama ta ci gaba.

"Akwatin da ka bari, ƙawata Dorothy ta koya masa gaisuwa. Jiya ya kira sunana, Phoebe, ƙiri-ƙiri ba ko Mama. Ya tambaye ni bakwai sau takwas, na faɗi abin da na faɗa, ya ce ba komai. Ya fi malamin da ya kore ni daga aji a Biu hankali. Gobe za ta kai shi gaban manya. Ka yi mata addu'a, yarinyar nan kanta ya fi naku duka."

Dorothy ta ɗago tana dariya da hawaye tare.

Na duba agogo. A lokacin, ƙarfe shida ake ɗauke wuta a layinmu. Na ce, "Muna da awa uku da rabi. Mene ne a layi na goma?"

"Baba, layi ɗari da arba'in ne fa."

"Na goma kawai na tambaya."

Ta faɗa. Na rubuta a takarda, ta buga. Na ashirin ma ya zo. Wajen na saba'in ta tsaya cak, ta kasa tuna abin da ke biyo bayan tambayar suna.

Mama ta ce daga bakin ƙofa, "Ba nan yake tambayar ko kin shirya ba? Ni ya tambaye ni."

Haka ne kuwa. Muka saka shi a layi na saba'in da biyar.

Zafin watan Afrilu ya sa kwamfutar ta fara ɗumi, Mama ta ajiye yakuwa ta zo da maficinta tana yi mata fifita kamar mai jinya. Ni ban ƙara ba da wata amsa ba, tambaya kawai nake yi. Shida saura kwata shirin ya tashi, cikin layi casa'in da biyu kacal. Abin da ta yi a dogon zango da farko, yanzu ta san gajeriyar hanyarsa.

Saura naɗewa, kuma ba mu da wani kaset sai na waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda na riga na karya wa kunnuwa.

Mama ta ce, "Goge surutuna, ƙawata. Gobe na yi wani."

Dorothy ta ciro kaset ɗin, ta sa tsinken gashinta ta karya kunnen gefen da muryar kakarta take. Sannan ta juya shi, ta naɗe shirin a ɗaya gefen. Minti huɗu muna sauraron kukan gyare. Da ya ƙare ta miƙo mini, na karya kunne na biyu da hannuna. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya ina riƙe da shi.

Dorothy ta zo ta biyu a gasar. Jonathan kuwa bai taɓa samun wasiƙarsa ba, don Dorothy ta hana. Sai da ya zo Kirsimeti ya zauna a falo ya saurara, Mama tana gefensa tana gyara wa kanta magana.