Dutsen Sama Mai Zaƙi

Tun da likita ya hana Farfesa shan zaƙi, duniya ta yi masa ƙunci. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne matarsa, Dakta, a ɗakin bincike ɗaya suke aiki. A gida idonta na kansa, a wurin aiki ma haka. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, sai ya samo maɓoya: ƙasan kwalin safar hannu, inda yake cusa alewa ya riƙa zarowa ɗaya-ɗaya idan ta ba da baya.

Ana cikin haka aka aiko musu ɓarɓashin wani dutse da ya faɗo daga sararin samaniya, baƙi ƙirin, bai kai ƙwayar wake ba. Dokar aikin ita ce kada hannun mutum ya taɓa shi, ko numfashi ma ba a so. Farfesa da kansa ya zura safa, ya ɗauke shi ya sa a kwalba, yana yi wa ɗalibai huɗuba a kan tsabta. Ya ji yatsun safar suna ɗan danƙo, amma bakinsa na cikin bayani, bai tsaya dubawa ba.

Da hantsi Dakta ta ɗago daga na'urar awo, ta ƙwala masa kira.

"Farfesa, zo ka gani. Akwai sukari a dutsen nan."

Ɗakin ya kaure. Kowa ya san masu bincike sun taɓa samun ɗigon sukari a irin waɗannan duwatsu, abin da ya sa ake zaton wasu sinadaran rayuwa daga sama suka zo. To amma nasu ba ɗigo ba ne, ya isa a haɗa wa ƙuda shayi. Dogo, babban ɗalibinsu, har ya fara gyara wuyan riga yana tambayar wane ɓangaren fuskarsa ya fi kyau a hoto.

Farfesa ya sulale ya leƙa kwalin safar. Zafin injin da ke kusa ya narkar da alewar, ta bi safar ta manne. Idan ya yi shiru, matarsa za ta sa sunanta a kan binciken da duniya za ta yi wa dariya. Idan ya yi magana, asirinsa ya tonu a gaban matar da ta yarda da rantsuwarsa cewa ya daina shan zaƙi.

"A sake awon," in ji shi, ko Allah zai sa na'urar ta rufa masa asiri.

Aka sake. Na'ura ba ta san kara ba, sai ma ta ƙara da cewa akwai ɗanɗanon lemo.

"Wato a can sama har lambu gare su," in ji Dogo, ya dafe ƙirji.

Dakta ta ɗauki waya za ta kira shugaban jami'a. Rabon da Farfesa ya ga farin ciki irin wannan a fuskarta har ya manta, kuma tausayinta ya kama shi. Ya ɗauko kwalin ya zazzage a kan tebur. Safa da alewa suka faɗo a dunƙule.

"Ga lambun," ya ce, kansa a ƙasa.

Ɗaliban suka tuna da ayyuka a waje, suka fice a guje. Ana jin Dogo yana shaƙewa da dariya a bakin matakala.

Dakta ta dubi tarin. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya fi son a yi masa faɗan.

"Ki yi haƙuri, na ɓata miki dutse."

"Dutsen ya shekara miliyoyi yana yawo, wani zai sake faɗowa," ta ce. "Kai idan ka faɗi, wa zai aiko min wani?"

Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan abin gwajin sukari a jini, ta jawo masa kujera. Farfesa ya zauna ya miƙa yatsa, har yanzu yana danƙo.