Cire Sunan Macy

Kwana tara ke nan da aka tafi da Macy, amma a shafin hukumar tallafin abinci har yanzu mutum biyu ne a gidan Norma Caudill.

Norma na zaune gaban kwamfuta ta uku a ɗakin karatun garinmu, jakarta bisa cinya, tana kallon sunaye biyu a allo: nata a sama, na jikarta a ƙasa. A gefen kowane suna akwai gurbin da aka rubuta "gyara", da wani da aka rubuta "cire". A wannan kwari namu na gabashin Kentucky waya ba ta kama intanet sai ka hau tudu, shi ya sa duk mai katin abinci ya san kujerun nan huɗu, kuma duk mun iya zama a kansu ba tare da leƙa allon maƙwabci ba. Ba wai akwai abin ɓoyewa ba ne. Tun da aka rufe ramukan kwal, rabin garin da katin nan yake ci, ɗaya rabin kuma yana jiran amsa.

Dokar ba ta da wuya. In wani ya shigo gidanka ko ya fita, ka sanar cikin kwana goma. Norma kuwa ta fi kowa kiyaye ta. Lokacin da mijinta ya rasu, washegarin jana'iza ta zo da baƙaƙen kayanta ta cire sunansa, har Delores mai kula da ɗakin karatun ta ce mata ai da ta bari ƙasar kabarin ta bushe tukuna. Norma ta ce doka doka ce. To, yau ga ta nan, ita ce ta kai kwana tara.

Macy na da shekara biyu aka danƙa wa Norma ita, lokacin da ƙwaya ta gama da uwarta Tonya, 'yar Norma. Shekara shida suka yi su biyu a gidan nan na gindin dutse. Norma ce ta koya mata ɗaure takalmi, ita ta kai ta makaranta ranar farko, ita ta san ba ta cin wake sai an marmasa mata burodin masara a ciki. Sai bana Tonya ta fito daga gidan gyaran masu shaye-shaye, ta cika shekara guda ba ta taɓa komai ba, ta samu aikin wanki a wani otal a Lexington, ta kama ɗaki. Alƙali ya duba takardu ya ce a mayar mata da 'yarta. Norma ba ta ja ba. Da hannunta ta ninke kayan yarinyar, ta zuba a jaka, ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana.

Abin da ya rage shi ne shafin nan. A wajen hukuma mutum ɗaya ba ya zama a gida biyu. Tonya ta yi ta ƙoƙarin saka Macy a nata lissafin mutanen gida, da zarar ta rubuta sunan sai shafin ya mayar mata da cewa yarinyar tana wani gida. Muddin Norma ba ta cire ta ba, rabon abincin Macy nan zai ci gaba da zuwa, gidan da ba ta ciki. Sau uku Tonya na kira. Da safen nan ta kira na huɗu.

"Mama, don Allah. Abu ɗaya kawai za ki danna."

"Na ji."

"Shekaranjiya ma haka kika ce. Yarinyar nan ci take kamar gara, ke kin fi ni sani. Taliya kaɗai ta rage mana, albashi kuma sai Juma'a ta sama."

"Ai da kin kawo ta nan ta ci."

"Kada mu koma can, Mama."

Norma na jin ƙarar injin wanki ta cikin wayar. Tonya ce ta fara kashewa.

Na san abin da bakin gari zai ce: tsohuwa ba ta son a rage mata kati. Wanda ya faɗi haka bai san Norma ba. Matar da za ta iya wata guda a kan wake da dankali ba ta ce uffan ba, ba ragin kati ne zai zaunar da ita ba. Abin da ta sani, wanda alƙali bai tsaya a kai ba, shi ne sau biyu a baya Tonya na dainawa, sau biyu kuma tana komawa gidan jiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A ganin Norma, muddin sunan nan yana ƙarƙashin nata, akwai wata takarda a duniya da ta yarda gidan Macy yana nan. Ta kuma san sarai cewa wannan takardar ce ta sa jikarta ke cin taliya gaya. Duka biyun ta sani, shi ya sa ta kasa motsi.

Allon ya dushe. Wani ɗan saƙo ya fito yana tambaya ko har yanzu tana nan. Ta dube shi jim, ta danna "e".

Delores ta zo wucewa da littattafai a hannu, ta ja ta tsaya. Tare suka yi makaranta, don haka ba ta raga mata.

"Norma, kwanci kike yi a kujerar nan? In ƙwan ya ƙyanƙyashe ki sammin ɗan tsako."

Norma ba ta yi dariya ba. Delores ta kalli allon, abin da ba ta saba yi wa kowa ba, ta ajiye littattafan, ta jawo kujera. Norma ta kai hannu ta danna "cire".

Shafin bai cire ba. Tambayoyi ya jero. Wace rana ta bar gidan? Norma ta rubuta. Ina ta koma? Ta buɗe jaka, ta zaro ambulan ɗin da Tonya ta rubuta adireshinta a baya, ta kwafa harafi bayan harafi da yatsa ɗaya. Sai tambaya ta ƙarshe: shin wannan tafiya ta ɗan lokaci ce? Gurbi biyu ne a ƙasa, "e" da "a'a".

Delores ta rage murya ta yi mata bayani. In ta zaɓi "e", sunan zai tsaya inda yake na wani lokaci, ba wanda zai ce ta karya doka, tunda ta sanar cikin kwana goma. Ta ce mata da yawa a kwarin nan haka suke yi in aka karɓi yaro, kuma sau tari sai ka ga yaron ya dawo kafin lokacin ya cika. Ta ce ba ƙarya ba ce ma, tunda ba wanda ya san gobe sai Allah.

"In na zaɓi wannan, Tonya za ta iya saka ta?" in ji Norma.

"A'a. Sai ta jira."

Norma ta kai alamar kibiyar da ke allon kan "e", ta bar ta a nan. Wani tsoho da ke jiran kwamfutar ya yi gyaran murya a bayansu, Delores ta ɗaga masa hannu ba ta waiwaya ba.

"Delores, ta yaya za ta dawo mini?"

"Kin sani ai."

"Na sani. Sai uwarta ta sake faɗuwa." Ta yi maganar ba hawa ba sauka, kamar mai karanta takardar magani. "In na danna wannan, roƙon Allah nake yi 'yata ta koma shan ƙwaya. Ni na haife ta, Delores."

 Norma ta matsar da alamar, ta danna "a'a", ta danna "aika".

Ta zaci za ta yi kuka, ta ma tanadi hankici a aljihun riga. Ba abin da ya zo. Ba baƙin ciki, ba sauƙi, sai wata irin mutuwar jiki, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Shafin ya gode mata da ta sabunta bayananta a kan lokaci. A sama, inda aka rubuta yawan mutanen gida, biyu ya koma ɗaya. Ta fita daga shafin kamar yadda Delores ke koya mana kullum, ta miƙe, ta ce wa tsohon ya yi haƙuri ta ɓata masa lokaci.

A bakin ɗakin karatun waya na ɗan kamawa. Ta shiga motarta, ba ta tayar ba, ta kira Tonya. Aka yi sa'a tana hutun cin abincin rana.

"Na cire ta."

Tonya ta sauke numfashi mai tsawo. Ta yi godiya har sau uku, ta ce yanzu-yanzu za ta cike nata tun hutu bai ƙare ba, Mama ta tsaya a kan layi ko za a tambayi wani abu. Norma ta tsaya. Tana jin 'yar ƙarar danna waya, tana jin Tonya na karanta tambayoyin a hankali tana ba kanta amsa: suna, dangantaka, makaranta. Sai karatun ya tsaya. Norma ta cire wayar daga kunne ta duba ko layin ya yanke.

"Mama." Muryar ta yi ƙasa ƙwarai. "Kada ki yi fushi. Suna tambayar ranar haihuwarta. Sha huɗu ga Maris ne, ko?"

Norma ta san sha huɗu ga Maris. Ranar ce 'yan sanda suka ɗauke Macy daga ɗakin Tonya, suka kawo mata ita naɗe a bargo.

"Bakwai ga Afrilu," ta ce.

"Afrilu. E, haka ne, Afrilu. Tsaya in rubuta. Sake faɗa mini, Mama."

Norma ta sake faɗa mata, a hankali, har da shekarar.