Tarko ko Safaya

"Kada ki danna komai sai na ce," in ji Hedimasta, yana lalubar hannun autarsa da ke riƙe da wayar.

Minti ashirin ke nan da nas ta ɗiga masa magani a ido, komai ya koma masa dishi-dishi. Suna zaune a dogon bencin sashen ido, lambarsu talatin da bakwai, ana kan ta ashirin da tara. Shekararsa bakwai da ajiye alli, amma har matarsa Hedimasta take ce masa.

Ba yanar da ta rufe masa idon hagu ce ta dame shi ba. Wannan ya riga ya yanke hukunci: ba mai kai masa wuƙa ido. Sau biyu ana ba shi ranar aiki yana zillewa. Damuwarsa wasan kalmomi ne na waya. Kullum sai a ɓoye kalmar Turanci mai harafi biyar, a ba ka gwaji shida, harafin da ya faɗa gurbinsa ya koma kore. Kwana ɗari huɗu da sha biyu bai faɗi ba. Ƙaninsa kuwa, da ke biye da shi a wasan da tazarar kwana uku kacal, tun da sassafe ya aiko cewa ya ci ta yau, har da hoton dariya.

"Baba, S ya yi kore," in ji Auta. "Sai gurbi ɗaya da ba mu samu ba, sai A, R, E, su ma kore. STARE bai yi ba. Saura gwaji uku."

"STARE, ƙura ido ke nan," ya faɗa da muryar aji, har mutanen benci suka waiwayo. "Sa SHARE. Rabawa."

Ta danna. "Bai yi ba."

"To SCARE. Tsoratarwa."

"Baba, ka ɗan yi tunani tukuna."

"Ina koyar da Turanci tun ba a san za a haife ki ba. Danna."

Ta danna. "Shi ma bai yi ba."

Saura gwaji ɗaya. Hedimasta ya share gumi, ya shiga bin harufa yana motsa baki. Mutumin da ke gefensa, wani direban tirela mai babbar murya, ya matso.

"Malam, wai me ya ɓata ne? Tun ɗazu kake shiya, siya, kamar mai korar kaji."

Aka kwashe da dariya. Hedimasta ya yi masa bayani a taƙaice, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, sannan ya buga cinya. "Na kama ta! SNARE. Tarko, irin na kama zomo."

"Ni dai boko a aji uku muka rabu," in ji direban. "Amma akwai wata a jikin allon shagon da nake sayen kayan mota, shekara ashirin ina kallonta. S, P, A, R, E. Ita ce safayarmu, tayar ko-ta-kwana."

Hedimasta ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Yaya aka yi ya tsallake ta? Kalmomi biyu, gurbi ɗaya, ga benci guda ya kasa kunne.

"Masu haɗa wasan nan 'yan boko ne, ba 'yan tasha ba," ya ce. "Auta, SNARE."

"Baba, ka tabbata?"

"Ba da bakina na faɗa ba?"

"To," in ji direban. "Ni dai ranar da na fita ba safaya, a daji na kwana."

Hedimasta ya runtse idon hagun da da ma ba ya gani da shi. Ya ji ƙarar dannawa sau biyar.

"Kore! Baba, duk kore!"

Wata tsohuwa da ba ta san kan zancen ba ta fara tafi, sauran suka kama. Hedimasta ya gyara zama, ya dafa kafaɗar direban. "Ka gani ko? Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Direban ya yi dariya har da tari, bai ji haushi ba. Hira ta ɓarke. Ashe shi an yi masa aikin idon dama watan jiya, ranar Laraba za a yi na hagu.

Hedimasta ya rage murya. "Ba ka ji tsoro ba?"

"Tsoro? Sai da nas biyu suka danne ni, ƙato da ni. Kafin in gama kuka an gama. Washegari da aka cire bandeji na dubi matata, na ce ashe haka kika tsufa? Kwana biyu ba ta kula ni ba."

Da layi ya zo kansu, likita ta maimaita abin da ta faɗa a baya: yanar ta nuna, jinkiri ba zai ƙara masa komai ba. Hedimasta ya ce zai yi shawara. Auta ta yi ajiyar zuciya, ta naɗe takardun.

A bas, wajen la'asar, maganin ya fara sakinsa. Ya karɓi wayar don ya aika wa ƙaninsa sakamako, ya kai ta dab da idon dama. Layin ƙarshe kore ne shar. Ya bi harufan ɗaya bayan ɗaya. Na biyun P ne, ba N ba.

Ya juya ya dubi Auta. Ta manna fuska a taga, tana kallon wata katangar da ba komai a jikinta kamar ba ta taɓa ganin katanga ba.

Ya daɗe riƙe da wayar, sannan ya miƙa mata.

"Ungo, ke ki aika masa. Har yanzu idon bai washe ba."

"To, Baba."

Bas ta wuce tasha ɗaya, ta wuce ta biyu.

"Direban nan," ya ce, yana gyara wuyan riga. "Laraba ya ce ko?"

"Laraba."

"Ki kira likitar. Ki tambaye ta ko akwai sauran gado ranar."