Kujerar Maiguwa a Gidan Rediyo

Mardiyya ce ke gabatar da shirin ra'ayin jama'a a wani ƙaramin gidan rediyo na Tamaske. Mutane kan bugo waya su faɗi abin da ke damunsu, daga famfon da ya lalace har konseyen da ba a sake gani ba tun bayan zaɓe.

Da aka kafa dokar ta-ɓaci, sai aka ƙara wa kundin tsarin mulki wani sashe da ya bai wa perefe, wakilin gwamnati a yankin, ikon sa ido kan gidajen rediyo. Aka turo musu Maiguwa, wani tsohon jandarma mai fama da tari, aka ajiye masa kujera a kusurwar ɗakin shiri. Da mai magana ya fara taɓa hukuma, sai ya ɗaga hannu, Mardiyya ta katse layin ta sa kiɗa. A hankali shirin ya koma gaishe-gaishe da cigiyar awaki.

Da mulki ya sake hannu, majalisa ta yi wa kundin gyara, ta soke sashen. Mardiyya da bakinta ta karanta labarin. Washegari ta tarar da Maiguwa a kujerarsa.

"Baba, ai aikinka ya ƙare," in ji ta.

"Na jiya. Matata Hajo ta tahi Madawa wurin ɗiyarmu, gida ba kowa. In zamna nan, in zamna can, duka ɗai ne."

Ta ƙyale shi, ta buɗe layi. Wani Muntari ya kira daga Garhanga, ya fara zancen hatsin agajin da bai iso garinsu ba. Yana cikin magana tari ya sarƙe Maiguwa. Muntari ya gane tarin.

"Ashe mutumen ga yana nan har yanzu?" Ya kashe waya.

Mardiyya ta tura wa Maiguwa makirfo. "Baba, kai za ka gaya musu."

Ya daɗe yana kallon abin kafin ya matso.

"Maiguwa ne. An soke dokar. Ba ni da ikon hana kowa magana, zama kawai nikai."

Ranar ba wanda ya ƙara kira sai masu gaisuwa. Da aka tashi, Maiguwa ya fitar da kujerarsa waje, ya ajiye ta wurin mai shayi, can ya ci gaba da zama kullum.

Kafin damina ta faɗi, koke-koke sun dawo cikin shirin, har lokaci ba ya isa. Muntari dai bai sake kira ba.