Kabo da Kujerar Masallaci

Son a gani ciwo ne, kuma ya fi ciwon ƙashi wuyar magani. A kansa nake so in ja muku kunne da abin da ya sami taubashina Alhaji Kabo. A kan idona aka yi komai, ba wani ya ba ni labari ba.

Ni Audi manomin gero ne a nan Daura. Kabo ɗan kawuna ne, dillalin shanu, tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana". Da girma ya zo mana, sai ciwo iri ɗaya ya kama mu, kwatangwalo ya cinye. Nawa ya samo asali daga faɗuwar da na yi daga kan amalanke, nasa kuwa bijimi ne ya taɓa make shi a kara, kasuwar shanu. Rashin noma bai dame ni ba, 'ya'ya sun karɓa. Abin da ke cin raina shi ne na yi shekaru goshina bai taɓa ƙasa ba. Sai dai in zauna a dakalin masallaci in miƙe ƙafa ina nuni da kai. Kullum addu'ata ke nan, kada Allah ya ɗauki raina ban sake yi masa sujada ba.

Shi Kabo nasa lissafin daban ne. Tun shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, masallatai suka cika, ya kama wuri a bayan liman daidai, ba mai tsaya masa a nan. Ciwo na cinsa yana cije baki, amma ba ya yarda a ga ya gaza. Na kuma lura, in da baƙi a masallaci, sujadarsa ta fi tsawo.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadin sauƙinmu shi ne Likita Jafaru, mutumin Baure. Mun san shi tun yana da baƙin gashi. Ya taɓa zuwa masallacinmu da wani abin awo kamar na magina, yana roƙon dattawa su bar shi ya auna yadda suke zaman tahiya, da yadda suke tsugunawa wurin alwala, da yadda suke harɗe ƙafa a tabarma in za a ci tuwo. Mun yi masa dariya. Kabo ma cewa ya yi, "Wannan yaron boko ya taɓa masa kai. Mutum ya gama karatun likita ya dawo yana awon gwiwar tsofaffi?"

Jafaru bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, ƙarfen da ake sa wa mutum a kwatangwalo, waɗanda suka ƙera shi a kujera suke rayuwa. Mu kuwa rabin rayuwarmu a ƙasa take. In na sa muku shi yadda suke sa wa nasu, za ku yi tafiya, amma ba za ku yi sujada ba. Abin da nake nema ke nan."

Ya tafi, ya yi ƙasashen waje, ya dawo, ya sake zuwa da abin awonsa. A kan wannan bincike furfura ta fito masa. Sai da ya gano girman ƙwallon ƙarfen da ya dace da kwatangwalonmu, da yadda za a karkata ƙoƙon da yake juyawa a ciki, da inda za a tsaga ba a yanke naman da ke riƙe gaɓar ba. Na ji an ce har likitocin wasu ƙasashe suna zuwa kallon hannunsa.

A wani asibiti a Kano ya yi mana aiki, gadona kusa da na Kabo. Da muka farfaɗo, Kabo ya leƙo ya ce, "Bawana, na ji an ce naka ƙarfen daga tsohuwar garma aka yanko."

Na ce, "Naka kuwa ƙararrawar wuyan sa ce, duk inda ka bi za a ji ka. Ai haka kake so."

Ran da za a sallame mu, Likita ya ja kujera ya zauna tsakaninmu. Ya ce, "Iyayena, ƙarfen nan zai kai ku ƙasa da yardar Allah, amma ba yanzu ba. Sai naman da ke kewaye da shi ya kama. Kada ku tsuguna, kada ku harɗe ƙafa, salla kuma a kan kujera, har ranar da ni da bakina zan ce ku sauka. Wanda ya riga ni, ƙwallon zai fita daga ƙoƙonsa."

Kabo ya ɓata fuska. "Kujera? Ni? Kamar mai jiran mota a tasha?"

"Baba Alhaji, Allah ya yi wa mara lafiya sauƙi. Ku tambayi limaminku."

Mun kuwa tambaya, liman ya ce ladanmu cikakke ne. Na sami farar kujerar roba na ajiye a ƙarshen sahu, jikin bango, kusa da inda ake tuɓe takalma. Yara na kallona, ban damu ba. Kabo kuwa ya daina zuwa masallaci gaba ɗaya, yana salla a ɗaka, don kada a gan shi a zaune.

Ana nan sai aka gama sabon masallacin unguwarmu, wanda Kabo ne ya yi masa rufi. Aka sa ranar buɗewa, aka gayyato baƙi, har da mai ɗaukar bidiyo daga Katsina. Da azahar sai ga Kabo cikin babbar riga mai aiki, ba ko sanda a hannunsa. Da ma na sa an ajiye masa kujera kusa da tawa. Na riƙo hannun rigarsa.

"Kabo, ga wurinka nan. Zauna."

"Sake ni, bawana. Ni na rufa ginin nan, sannan a ɗauke ni a hoto ina gadin takalma?"

"Likita bai ce ka sauka ba."

"Likita yana Kano. Ni nake jin jikina, garau nake."

"Wa za ka yi wa sujadar, Allah ko mai bidiyo?"

Ya fizge rigarsa, ya ratsa sahu har bayan liman.

Aka ta da salla. Tsayuwa lafiya, ruku'u lafiya. Ya sauka sujada, ya ɗago zai zauna a kan ƙafarsa, sai muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, sai ihun Kabo ya cika sabon ginin. Liman ya gajarta salla. Da aka sallame, majiya ƙarfi suka ɗauke shi a tabarma, ƙafar ta juya ciki, hular tasa wani ya biyo shi da ita.

Ko a nan da ya yarda an kai shi Kano, da an mayar da ƙwallon wurinsa. Amma kunyar haɗa ido da Likita ta hana shi. Ya ce wa iyalinsa targaɗe ne, ya sa ƙarti suka yi ta jan ƙafar, ana shafa mata man shanu. Na je gidan na yi masa faɗa, ya ce a fitar da ni. Sai da zazzaɓi ya rufe shi har ba ya gane mutane, sannan matarsa Hajiya Hussaina ta yi ta maza ta sa aka saka shi a mota. Na bi su.

Likita Jafaru ya duba hoton ƙashin. Jan da aka yi ya tsaga ƙashin cinyar, wurin kuma ya yi ruwa. Ban ji ya faɗa wa Kabo baƙar magana ko ɗaya ba. Ya shiga da shi ɗakin tiyata, ya cire ƙarfen duka, ya wanke wurin, ya tsirar masa da ƙafar da kuma ransa. Da ya fito sai ya ce mini, "Baba Audi, na auna gwiwa, na auna ƙugu, ban auna nauyin idon jama'a ba. Daga yau duk wanda zan yi wa aiki, sai na fara magana da limaminsa da iyalinsa." Ku ji fa, laifin wani, amma shi darasi ya ɗauka.

Ni kuwa na ci gaba da zama a kujerata, ina motsa ƙafa yadda aka koya mini. Bayan an yi girbi na koma a duba ni. Likita ya sa na yi tafiya, ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, sai ya ce, "Baba, kana da alwala?"

Na ce, "Da ita nake."

Ya ɗauko dardumarsa ya shimfiɗa a tsakiyar ofis, ya nuna mini yadda zan fara kai gwiwa ƙasa, da yadda zan tashi. Na kabbarta nafila. Da goshina ya taɓa dardumar nan, wallahi ban san sa'ad da kuka ya ƙwace mini ba, ni da ko a jana'izar mahaifina ban bari an ga hawayena ba. Likita ya juya fuska wajen taga har na sallame.

Tun daga ranar ban yi sujada ba tare da na ambaci Jafaru ɗan Baure ba. Allah ya jiƙan iyayen da suka haife shi, ya ƙara wa hannunsa albarka. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa don tsoho irina ya kai goshinsa ƙasa, kuma na kai.

Kabo yana nan da rai, ina zuwa gaishe shi, har yanzu bawansa yake kirana. Amma ga abin da son a gani ya ci masa. Ƙarfen da aka sa masa ya tafi. Ƙafarsa ta dama ta gajarce, ba ya taku sai da sanduna biyu. Kara ta fi ƙarfinsa, wasu ke dillancin shanun da ya saba. Wurinsa na bayan liman wani ne a ciki. Bidiyon da ya so a gan shi a ciki, ba abin da ya nuna sai ana fita da shi a tabarma. Sujada kuwa, Likita ya ce shi da ita har abada. Kujerar da ya ƙi zama a kai na 'yan watanni, a kanta yake salla yanzu, a ƙarshen sahu, kusa da takalma.