Ranar da Aka Goge Ƙoramarmu

Sunana Fannami. Ban yi boko ba, amma na yi fataucin busasshen kifi daga Baga zuwa Anacha har gashina ya yi fari, kafin na dawo gida Garin Modu, a ƙasar Guri, na kama noman shinkafa. Yawon nan ya koya mini abu guda: hukuma ba ta ganin abin da ba a zana mata ba. Ko kana tsaye a gabanta kana ɗaga hannu, sai ta duba takarda ta ga ko kana nan.

Gonata tana bakin wata ƙorama da ke ɗebo ruwa daga babban kogi ta kawo mana fadama. Kachalla ta cinye ƙoramar nan. Wanda bai san kachalla ba, ciyawa ce mai tsawo da ta fi mutum, tana toshe hanyar ruwa, tsuntsayen janbaki kuma su yi gida a cikinta su riƙa yi mana sammako a gona. Da damina ruwa ya rasa hanya ya hau kan shuka, da rani kuma ko na alwala ba ya isowa. Damina biyu a jere ban cire abin kirki ba. Na san in aka ƙara ta uku, sai dai in bar gonar ubana in je aron ƙasa wajen surukai, da tsufana.

Ana cikin haka Kamila ta zo, 'yar ƙanwata da ke karatun taswira a jami'a. Ta zo da malaminsu, Malam Abdulganiyyu, wani siriri mai yawan ba da haƙuri, da ɗalibai cike da mota. Ya tara mu a gindin tsamiya ya yi bayani. Ya ce za a kawo injin yankan kachalla yankinmu kafin ruwa ya sauka, amma injin ɗaya ne, hanyoyin ruwa kuma da yawa. Masu rabon aikin sun ce jami'a ta nuna musu inda toshewar ta fi muni. Su kuma suna zana komai a wata taswira ta intanet wadda ba ta kowa ba ce, ta kowa da kowa ce. Kyauta ake ɗauka, kyauta ake koyon aikinta, kuma duk mai waya yana iya gyara abin da ya ga ba daidai ba.

Na ce, "Malam, duk mai waya?"

Ya ce, "Ƙwarai, Baba. Amfaninta ke nan. Ku kuka fi mu sanin ƙasarku."

Na taɓa ganin rijiyar da ba ta da mai ita.

Amma aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki Kamila a kwalekwale muka kutsa iyakar inda kachalla ta bari, tana riƙe da waya tana ɗaukar alama. Da muka fito ta buɗe kwamfuta ta nuna mini hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, ta ja shuɗin layi a kai tun daga kogi har gindin gonata. Ta ce, "Kawu, ga ku nan a duniya. Wane suna zan sa?"

Na ce, "Ƙoramar Modu. Kakana ne ya fara yashe ta."

Kafin su tafi suka koya wa mutum biyu yadda ake gyara, don aikin ya ɗore bayansu. Ɗaya ɗana ne Haris, mai shagon cajin waya, magidanci da 'ya'yansa. Ɗayan daga tsallaken ƙoramar yake, cikin mutanen Bakari.

Bakari kuwa mai shanu ne, sa'ana, tare muka yi ƙuruciya. Kakanninsa makiyaya ne da suka zauna. Tsakaninmu akwai wasan Fulani da Barebari, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ranar kasuwa ya tare ni da sanda a kafaɗa.

"Babarbare, an ce ka sa wa ruwan ubangidanka suna a waya."

Na ce, "Bafillace, kai da ko sunan ranar haihuwarka ba ka sani ba, ina ruwanka da suna?"

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Ya ce, "Mashayar Buba ce. Buba kakana yana shayar da shanu a nan tun Modu yana ɗaure da bante."

Ba maganar alfahari ba ce kawai, kuma duk mun sani. In wuri ya amsa sunan mashaya, shanu suna da hanya zuwa gare shi, ko ta gonar wa za su bi. In ya amsa sunan ƙoramar manomi, makiyayi baƙo ne mai roƙo. Shekara da shekaru kowa yana kiranta da nasa sunan, ana zaune lafiya, don baki ba ya barin shaida. Yanzu ga abu a rubuce, duniya tana gani.

Washegari Haris ya zo mini da waya. "Baba, sun canza sunan." Ya mayar. Kafin azahar sun sake canzawa. Ya sake mayarwa. Haka aka yi ta yi, kamar mata biyu da tsintsiya ɗaya. Haris ya bar cajin mutane yana gadin suna. Na ce masa, "Kai, bar musu. Su kira ta Mashayar Fir'auna ma in sun so, in dai injin zai zo." Ya dube ni kamar na sayar da kabarin kakansa. Matasanmu suka fara cewa tsufa ya sa Fannami tsoro. Har aka kai ga jifa a bakin ruwa, aka fasa wa wani goshi.

Sai Bulama, mai garinmu, ya kira zama. A wajenmu akwai yadda ake yi tun da: in gida biyu suka yi rigima a kan kududdufin kifi, Bulama yakan kafa sanda a bakinsa, ya haramta wa kowa har zukata su huce. Hukunci ne mai kyau, ya hana zubar da jini ba sau ɗaya ba. Da ya gama sauraron kowa, ya tambayi Haris, "Abin nan, ana iya cire shi gaba ɗaya?"

Haris ya ce, "Ana iyawa, ranka ya daɗe."

"To a cire. Ba Modu, ba Buba. In an huce a mayar."

Wuri ya ɗauki "madalla". Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara. Kududdufi in ka kafa masa sanda yana nan inda yake, kifin ma ƙiba yake yi. Wannan in ka cire, waɗanda ke ofis za su ce babu ruwa a nan."

Bulama ya ce, "Ruwan da Allah ya ajiye, waya ce za ta ɗauke shi?"

Aka yi dariya. Bakari ya ce, "Ku bar shi, gonarsa yake ji." Na ce, "Gonata nake ji mana. Shanunka kachalla za su sha?" Aka ce in zauna, manya sun gama magana, ni da na girmi rabin manyan. A gaban kowa Haris ya danna, shuɗin layin ya ɓace, aka shafa fatiha.

Na fita na kira Kamila. Wayarta a kashe, suna jarrabawa. Na bar mata saƙon murya har na gaji. Ba ni da lambar malamin. Na yi niyyar shiga mota in je jami'ar da kaina, sai na ce bari a gama jarrabawar, kada in tayar wa yarinya hankali. Da aka gama jarrabawar, ta kira ni.

"Kawu, me kuka yi?"

"Sulhu muka yi."

Ta ce a makon da muka goge layin ne Malam Abdulganiyyu ya sauke taswirar yankin duka, ya haɗa da hotunan sama, kwamfuta ta auna tsawon kowace hanyar ruwa da yawan gonakin da ke jikinta, aka miƙa wa masu rabon aiki. Hanyoyi ne barkatai, daga Miga har Baturiya, ba wanda zai lura ɗaya ta ɓace. Ta ce, "Mayarwa ba wuya, taswirar tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa. Yanzu ma na mayar."

Na ce, "To alhamdu lillahi."

Ta ce, "An riga an raba aikin, Kawu."

Na je Haɗeja da kaina. Malamin ya same ni a can, ya ba ni haƙuri har na ji kunya, ya ce laifinsa ne da bai sake dubawa ba, ya ce zai sa wannan a cikin abin da yake koya wa ɗalibai. Na ce Allah ya amfana, amma ni ba darasi na zo nema ba. Muka shiga ofishin tare. Mutumin ciki ya saurare mu da kyau, ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mana abin da aka ba shi: fili fari fat a inda gonata take. Malam ya nuna masa sabuwar taswirar a waya. Ya ce ya gani, ya kuma yarda, amma an ƙulla da mai injin, man da aka ware ya ƙare a kan waɗancan hanyoyin. Sai baɗi, in Allah ya kai mu.

Injin ya wuce ta bakin garinmu a kan babbar mota, yara suna binsa da gudu. Ina tsaye, Bakari ya zo ya tsaya kusa da ni. Shanunsa sun rame, yanzu sai ya kai su nesa suke sha. Bai tsokane ni ba.

Can ya ce, "'Yarka ta ce wai ana iya sa suna biyu."

Na ce, "Ta faɗa mini."

"To?"

"Ɗaya ne zai fito a sama, ɗayan sai an danna."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Na wa zai hau sama?"

Na shiga gida na sa Haris ya fito da buhunan irin shinkafata, ya ɗaura a kan babur. Surukina na Miga ya ce akwai wani gefe a gonarsa da ruwa ke isa, zai ba ni aro bana. Na hau bayan buhunan, na ce wa Haris ya bi ta hanyar tudu, kada ya bi ta bakin gonata.